Makon da Guduma Ya Ƙi Hutawa

Akwai wani mai walda da ake yi wa laƙabi da Guduma, saboda kaurin damatsansa da kuma yadda yake faɗa wa kowane aiki ba sassauci. Mutum ne mai fara'a, hannunsa a sake, ba ya riƙe kowa a zuciya. Aibinsa guda ɗaya ne: bai san hutu ba, kuma ba ya ganin mutuncin mai hutawa. A wurinsa duk wanda ya zauna ya miƙe ƙafa malalaci ne, ko da likita ne ya ce ya zauna.

Da rana yana shagonsa cikin tartsatsin wuta, yana haɗa ƙofofi da tagogi. Da yamma sai ya wanke hannu ya nufi ɗakin ɗaga ƙarfe da ke bayan filin wasa, wani dogon ɗaki mai rufin kwano, da tsagaggen madubi a bango, da fanka ɗaya wadda ƙararta ta fi iskarta yawa. Shekara da shekaru yana zuwa, kuma burinsa bai taɓa canzawa ba: a zaɓe shi cikin tawagar da za ta wakilci yankinsu a babbar gasa. Gurbi ɗaya ne tak a ajin nauyinsa. Ga shi shekaru sun fara ja, har Koci, mai horar da su, ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye cewa in bai samu bana ba, baɗi da wuya.

Mutum ɗaya ne ke takara da shi, wani direban bas da ake ce wa Lallaɓa. Shi wannan in Koci ya ce a huta, kafin ya rufe baki ya riga ya ɗaure jakarsa. Guduma kan bi shi da dariya yana cewa, "A gaida katifa!"

Guduma yana da yaya mace, wadda ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Malama ce a jami'a, kuma aikinta shi ne bincike a kan yadda tsokar ɗan Adam ke ƙara ƙarfi. Tana son ƙanen nan nata kamar ranta, shi ma haka, sai dai bai taɓa ɗaukar karatunta da muhimmanci ba.

Da ranar zaɓe ta matso, Koci ya tara su ya ce, "Wannan makon na sauke nauyi ne. Kowa ya ɗaga mara nauyi, kaɗan, ya tafi gida ya ci abinci ya yi barci. Wanda na kama yana ƙari, ni da shi ne."

Guduma ya fita yana gunaguni, ya wuce gidan yayarsa ya zube a kujera.

"Yaya, ki ji mutumin nan fa. Ana gab da zaɓe, wai mu kwanta!"

Ta ajiye takardun ɗaliban da take dubawa ta ce, "Gaskiyarsa. Kai kana zaton a ƙarƙashin ƙarfe kake ƙara ƙarfi? A can gajiyar da tsokar kake yi, kana yi mata ƙananan raunuka. Sai ka huta jiki ke gyara ta, ya mayar da ita ta fi da. Ƙarfin da ka tara yana nan, gajiya ce ta danne shi. Ka bar gajiyar ta sauka ka gani."

"To in ya zube fa kafin ranar?"

"Ƙarfi ba ruwa a kwando ba ne, ɗan'uwana. Kuma ga wani abu: tsoka tana saurin ƙarfi, amma jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi a hankali take binta. Na ga yadda kake shafa gwiwar hannun nan tun da ka shigo."

Ya yi maza ya janye hannunsa. "Yaya ke nan! Ku a takarda kuke ɗaga ƙarfe, mu kuwa da hannu."

"Allah ya shirye ka," in ji ta, tana murmushi. "Da hannun nan na wanke ka kana ƙarami, yanzu ni za ka koya wa jikinka."

Maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Daren farko ya kwanta da wuri kamar yadda aka ce, amma da safe ya tashi yana jin jikinsa sakayau, sai tsoro ya kama shi. Maimakon ya gane gajiya ce ta fara sauka, sai ya ɗauka ƙarfinsa ne ke tsiyayewa. Mai walda kuwa ba ya rasa ƙarfe. Ya samo wata doguwar sanda a bayan shago, ya liƙa mata tsofaffin fayafayan birkin manyan motoci a kowane gefe, ya yi wa kansa abin ɗagawa da ya fi na ɗakin horo nauyi. A gaban Koci sai ya ɗaga mara nauyi yana hamma, kamar yaron kirki. Da ya koma shago sai ya ja ƙofa ya kama ɗaga nasa har zufa ta jiƙe masa riga. Gwiwar hannunsa ta dama ta fara zogi, ya ɗaure ta da tsumma ya ci gaba. Matarsa ta yi magana, ya ce mata ita ma ta fara karatun jami'a ke nan.

Ranar zaɓe ɗakin ya cika da jama'a, alƙalai suna zaune a gaba. Yayarsa ta zo ta zauna kusa da matarsa. Kowane ɗan takara yana da damar gwaji sau uku.

Guduma ya shafa farar hoda a tafin hannu, ya kama sandar. Nauyin da ya saba ɗagawa yana wasa ne, amma ranar sai ya ji kamar an liƙa shi da ƙasa. Ya kai shi ƙirji da ƙyar, ya kasa kai shi sama. A gwaji na biyu ya cije ya tura, sai wani zafi ya tsarga masa daga gwiwar hannu har yatsu, hannun ya ƙi miƙewa, ƙarfen ya faɗi. Lallaɓa kuwa, wanda ya sha barcinsa, ya zo ya ɗaga abin da bai taɓa ɗagawa ba a rayuwarsa.

Saura gwaji ɗaya. Guduma ya ce a ƙara nauyi, ya wuce na Lallaɓa. Yana ɗaure bel ɗinsa sai ya hango yayarsa ta tashi ta nufi Koci, tana yi masa magana tana nuna hannunsa. Matarsa ta riga ta gaya mata labarin ƙarfen shago.

Koci ya zo ya kama hannun, ya danna gefen gwiwar da babban yatsa. Guduma ya yi ƙara bai shirya ba.

"Ka gama," in ji Koci. "Na janye ka."

"Koci, don girman Allah! Sau ɗaya ya rage!"

"Na ce ka gama."

Haka aka kira sunan Lallaɓa a gurbin. Guduma ya cika ya yi fam. Ya wuce yayarsa a bakin ƙofa, ya ce mata, "Kin kashe ni, Yaya. Abin da na yi shekaru ina nema, kin raba ni da shi da baki ɗaya." A ranar sai da ta yi kuka a mota, shi bai sani ba.

Ya daina ɗaga wayarta. Amma hannun ya kumbura, har ya kai ko abin walda ba ya iya riƙewa, dole ya tafi asibiti. Likitan ƙashi ya sa aka ɗauki hoton gwiwar, ya daɗe yana dubawa, sannan ya juyo da allon ya nuna masa wani ɗan farin zare.

"Ka ga wannan? Shi kaɗai ya rage yana riƙe da jijiyar. Sauran duk ta tsage. Ka ce akwai gwajin da ba ka yi ba?"

"E, hana ni aka yi."

"To ka je ka gode wa wanda ya hana ka. Da ka ɗaga, da ta tsinke gaba ɗaya, sai tiyata, kuma ba ni da tabbacin hannun zai koma ya yi maka walda kamar da. Yanzu kam da hutu da gashin hannun zai warke."

Jikin Guduma ya yi sanyi. Ya tuna shagonsa, ya tuna bakunan da hannun nan yake ciyarwa, kunya da godiya suka kama shi. Ya fito a hankali, hannu rataye a wuya. A kan bencin baranda sai ga yayarsa zaune, jaka a cinya. Ba wanda ya kira ta; matarsa ce kawai ta ce mata yau zai ga likita.

Ƙaton mutumin nan ya durƙusa a gabanta, mutane suna wucewa suna kallo.

"Yaya, ki yafe mini. Gurbin ya tafi, na sani ba zai dawo ba. Amma kin bar mini hannuna. Na gode, Allah ya saka miki da alheri."

Ta share ido da gefen mayafi, ta dafa kansa. "Tashi, kada ka ƙara mana da ciwon gwiwar ƙafa. Me likitan ya ce ka yi?"

Ya sunkuyar da kai. "Wai in huta."

"Za ka iya?"

"Zan koya, Yaya."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, hutu ba lalaci ba ne, wani ɓangare ne na aikin kansa. Jiki yana da lokacin da yake karɓar wahala, yana da lokacin da yake gina kansa, kuma wanda ya hana shi na biyun zai yi asarar na farkon. Kada gaggawa ta sa mu raina shawarar masu ilimin abu don kawai mu ne muke zufa a cikinsa. Sannan in Allah ya ba ka wanda zai iya jure fushinka don ya cece ka daga kanka, ka riƙe shi da kyau, ka gode masa tun yana jin godiyar.