Ƙadangaren Dandali da Baƙuwa daga Girka

An ce a garin Rafin Ɗinya an yi wani shugaban 'yan wasan kwaikwayo, Ɗantala, ana masa laƙabi da Sarkin Dandali. Wata shekara ya ɗauko wani tsohon wasan Girkawa ya mai da shi Hausa. A wasan, sarauniya ce take kashe kanta a cikin ɗaki, sai wani bawa ya fito ya ba jama'a labari. Wani dattijo, Baba Cindo, shi aka ba wa bawan, wata biyu yana hadda. Ana saura kwana uku, Ɗantala ya ce ya cire shi, wai mutane jini suke son gani, ba surutun tsoho ba. Baba Cindo ya ninke rigar wasan ya ajiye, ya tafi gida.

Da hantsi Ɗantala na zaune shi kaɗai yana dama jar kala a ƙwarya don jinin wasan, sai wani ƙadangare ya leƙo daga katanga ya ce, "Ranka ya daɗe, da ka ji abin da ya faru tsakanin Farfesa Irini da mai gyaɗa, da ba ka ɓata ƙwaryar mutane ba."

Ɗantala ya ce, "Kai da kake cin kiyashi, ina ka san Farfesa?"

Ƙadangare ya ce, "A bangon makarantar da ta sauka na girma. Saurara.

"Tsohuwa ce daga ƙasar Girka, gajera, mai furfura. Da ɗinkin kayan wasa ta fara, ta koma share dandali, har ta kai ana gayyatar ta ƙasashe ta koyar da yadda ake shirya wasannin kakanninta. Shekara arba'in ke nan. Kwana uku ta yi tana lacca a ƙarƙashin darbejiya, da tafinta a gefe. Ba ta zama a kujera. Ta nuna yadda 'yan amshi ke taka ƙasa, ta sa fuskar katako ta yi magana, sai ka rantse katakon ne ke kuka.

"A rana ta uku wani ɗalibi ya ce, 'Farfesa, me ya sa ba ku nuna mutuwa a fili? Tsoro ne?' Ta yi dariya ta ce ita ma tana yarinya ta taɓa nunawa, gawar ta yi atishawa, mutane suka yi ta dariya har aka tashi. Sannan ta ce, 'Ku a nan yaya ake kawo labarin mutuwa?' Sai Iya Lantana, mai sayar da gyaɗa a bakin wurin, ta ce, 'In ba za a ce na yi shisshigi ba, ni an taɓa kawo mini.' Farfesa ta jawo mata kujerarta. Iya ta zauna ta ce:

"'Maigidana ya tafi su a kogi. Ina tankaɗe sai ga ƙanensa, Jatau. Jatau da ba ya sallama, ranar ya yi har sau uku. Ya cire takalmansa ya jera su. Na ba shi ruwa, ya riƙe bai sha ba. Na ce, mijin banza, yau bakin naka ciwo yake? Bai rama ba. Ya ce, Yaya ba ya jin daɗi, a zo a duba shi. Ya ce kwalekwalen dai an same shi, lafiya lau. Ban ga ruwa ba, ban ga gawa ba, 'yar nan. Amma shekara ashirin ina ganin nutsewarsa, duk daga bakin Jatau.'

"Farfesa ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa. Ta ce wa ɗalibai, 'Ku rubuta nata, ku bar nawa. In an nuna gawa, gawa ɗaya kowa zai gani. In aka kawo labari, kowa tasa zai gani.' Ranar da za ta tafi, wajen Iya ta fara zuwa sallama.

"To ranka ya daɗe, wadda ta zaga duniya ta ba mai gyaɗa kujera, kai kuwa ka kori mai kawo maka labari."

Ɗantala ya tuna ranar da kawunsa ya zo makaranta ya ce masa Inna na son ganinsa, yana maganar yana kallon ƙasa.

Can ya ce, "To yanzu wa zan aika ya kira Baba Cindo?"

Ƙadangare ya ce, "Da ɗan aike ka kore shi?"

Ɗantala ya tashi ya nufi gidan Baba Cindo da ƙafarsa. Ya iske shi a zaure yana ta maimaita haddar shi kaɗai. Ya durƙusa ya ce, "Baba, na yi kuskure."

Tsohon ya ce, "Matsa can, ɗan nema, ka zauna. Akwai wurin da nake tuntuɓe, kama mini."