Rijiyar Cindo da Tururubin Fadama

A zamanin da giwa ke kiwo a inda kasuwa take yanzu, an yi wani maharbi mai suna Cindo. Kirarinsa: Na-Gwanki, mai yatsa shida, harbi ɗaya kwanan daji. An ce kibiyarsa kan sha kwana ta bi nama bayan dutse. Shi ya fara ba da wannan labari, ba a kuwa samu mai ƙaryata shi ba.

Wani rani ya cinna wa fadama wuta don ya koro gwanki, kamar yadda maharba suka saba. Da toka ta huce, sai wani tsiro ya ɓullo, kore shar, da fure rawaya. Tururubi ke nan, tsiro mai dafi, wanda naman daji ke ratse wa.

Ana nan sai ga Arɗo Gide da garkensa, shanu duk haƙarƙari a waje. Cindo ya tare shi, ya bugi ƙirji ya ce shi ya kira ciyawa da rani, a saki shanu su more. Kafin la'asar karsanan da suka riga shiga sun kwanta, ba su sake tashi ba.

Arɗo bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Maharbi, sauran ba su da ƙafar komawa. Ko su ci a nan, ko su mutu a nan."

Cindo ya rataye baka, ya ɗauki dagi. Tururubi saiwa gare shi mai zurfi, in an karya ta sai ya dawo, don haka ɗaya-ɗaya ya riƙa tonowa, Fulani na tsare da garke a tudu. Tafin hannunsa ya saɓule. A tsakiyar fadama ya iske uwar tururubin, saiwa kamar cinyar ƙato. Da ya tumɓuke ta, ruwa ya biyo ramin.

Shanu suka sha, suka bi sabuwar ciyawa. Arɗo ya miƙa masa ƙwaryar nono. Cindo ya kurɓa, ya ce ai dama rijiya ya zo haƙa.

Nan Arɗo ya kafa ruga, gari ya taru, ana kiransa Rijiyar Cindo. Har yau in fadama ta ƙone, maharba kan fita da dagi kafin saniya ta taka, Fulani su biyo su da nono. In ka tambayi wanda ya sa wutar, kowa zai ce maka Cindo ne.