Jakin Baba Jatau da Kuɗin Turke

An ce wai a wani gari na bakin kogi an yi wani mai gidan haya, ana kiransa Alhaji Nagoma. Mutum ne mai tsare doka, kuma yana alfahari da cewa bai taɓa janye maganarsa ba. Ya kafa ƙa'ida a gidansa: duk ɗan hayar da ya ɗaure dabba a tsakar gida, akuya ce ko tunkiya, zai biya kuɗin turke duk wata, saboda wari da ɓarnar bango.

A ɗakin ƙuryar gidan akwai wani tsohon baduku, Baba Jatau, wanda ƙafafunsa suka shanye tun yana ƙarami. Yana da jaki guda. Da safe jakin zai tsaya jikin dakalin ƙofar ɗaki, tsohon ya ja jiki ya hau, ya tsallake da shi kwatar da ta ratsa tsakar gidan, ya kai shi rumfarsa a kasuwa, ya kai shi masallaci, da yamma ya dawo da shi.

Da sana'a ta ja baya, Jatau ya ci gaba da biyan kuɗin ɗaki, amma na turke ya gagare shi. Ya tari Nagoma a zaure ya ce, "Alhaji, a yi mini afuwa. Ba kiwo nake yi ba. Da jakin nan nake tafiya."

Nagoma ya ce, "Yana cin harawa?"

"Yana ci."

"Yana kashi a gidana?"

"Yana yi."

"To, dabba ce. In na ɗaga maka ƙafa yau, gobe mai akuya za ta ce akuyarta ƙanwarta ce. Ko ka biya, ko jakin ya bar gidan."

Jatau bai biya ba, jakin kuma bai fita ba. Nagoma ya kai ƙara gaban alƙalin garin, Malam Shitu, yana da yaƙinin gaskiya tana wajensa. Ranar zama aka ɗaure jakin a gindin durumin ƙofar kotu, tsohon ya shiga da jan gindi.

Alƙali ya saurari kowa, sannan ya tambayi Nagoma, "Kuɗin ɗaki fa, yana biya?"

"Yana biya, Allah gafarta malam. Ba zan yi masa ƙarya ba."

Sai alƙali ya ce, "Gidanka ne, dokarka kuma ba ta saɓa wa shari'a ba. Daga yau jaki zai riƙa kwana a waje."

Nagoma ya gyara zama, ya dubi jama'a.

Alƙali ya ci gaba: "Sai dai wanda ya karɓi kuɗin ɗaki ya ɗauki alkawarin cewa mai ɗaki zai shiga ya fita. Ɗakin da mutum ba ya iya kaiwa gare shi sai ya ja jiki cikin kwata ya ɓata tufafin da zai yi salla da su, ba a ba shi hayarsa ba. Kai ka cire abin da ke kai shi, kai za ka tsaya a madadinsa. Za ka goya shi daga ɗaki zuwa ƙofar gida, ka mayar da shi, duk sanda zai fita da duk sanda ya dawo. Ba ɗanka ba, ba baranka ba, kai da kanka. A fara yanzu. Kai shi wajen jakinsa."

Kalma ɗaya za ta fid da Nagoma, ya ce ya yafe. Amma mutane suna kallo, shi kuwa bai saba janye magana ba. Ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa gaban tsohon.

Ya yunƙura da ƙarfi, yana zaton zai ji nauyi, har ya kusa kifawa. Kamar babu komai a bayansa. Ƙasusuwa ne a cikin riga, yana jin haƙarƙarin tsohon ɗaya bayan ɗaya.

Jama'a suka dare suka ba su hanya. Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi, da ya fi masa sauƙi.

"A hankali, Alhaji," in ji Jatau a kunnensa. "Jakin ba ya girgiza ni haka."

Nagoma ya rage sauri. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Baba, ba ka cin abinci ne?"

"Ina ci, in shi ya ƙoshi. In ya faɗi, ni ma na faɗi." Sannan ya ce, "Ka yafe ni, ban so aka kai ga haka ba. Tun rasuwar mahaifiyata ban yarda wani ya goya ni ba. Don kada a yi hakan na sayi jaki."

Sai Nagoma ya ji danshi a wuyansa, ya gane tsohon kuka yake yi. A nan ya san ba kansa kaɗai ya kunyata ba. Ya tone wa dattijo asirin da ya yi shekara da shekaru yana rufewa, a gaban gari, don kuɗin da bai kai na goron da yake ci ba.

Ya ɗora shi bisa jakin, ya gyara masa zama. Ya koma gaban alƙali, kansa a ƙasa, ya ce, "Allah gafarta malam, na janye. Jakin ya koma turkensa, ba na karɓar komai."

Alƙali ya ce, "Ni ba ka yi mini laifi ba. Wanda ka yi wa, ga shi can a waje."

Nagoma ya fita ya tsaya gaban tsohon. Sai ya kwance igiyar jakin da hannunsa, ya ja shi ta tsakiyar kasuwa har gida, bai ɗaga ido ya dubi kowa ba.

Abin da mutum ya dogara da shi don ya rayu kamar kowa, ba dukiyarsa ba ce, jikinsa ne. Wanda zai sa wa jikin ɗan'uwansa haraji, ya fara ɗaukarsa ya ji nauyinsa tukuna.