Agogon Ciyaman Yana Jin Yunwa

Wai wata rana Ciyaman ɗin wata ƙaramar hukuma ya sa aka kira masa Tanimu mai gyaran agogo, ya miƙa masa agogon zinariya.

"Kuɗinsa ya fi gidanku, amma kullum baya yake yi. Gwada shi. In ka ce jabu ne, ka zage ni. In ka ce lafiyarsa ƙalau, ka yi ƙarya. Ko wanne ka faɗa, rumfarka ta tashi daga kasuwa."

Tanimu ya kara agogon a kunne.

"Ranka ya daɗe, wa ke buɗe maka ƙofar mota?"

"Direba mana."

"Takardun ofis fa, wa ke sa hannu?"

"Sakatare."

"Rijiyar da ka yi mana alkawari bara fa?"

"Ana nazari."

"Madalla! To ba jabu ba ne, ba kuma lafiyarsa ƙalau ba, yunwa yake ji. Irinsa ba ya cin batir, motsin hannun mai shi ne abincinsa. Lokacin da ka yi aiki kawai yake ƙirgawa. Ni wallahi mamakina ma da na tarar yana tafiya."