Wayar Inna Dudu

Ku gyara zama, ga wata shari'a da ta hana ni sakat.

Inna Dudu tsohuwa ce a Tungar Gawo, 'ya'yanta uku duk suna birni. Aka yi wa babbansu Lurwanu haihuwar fari bayan shekara tara da aure, ta rantse sai ta je suna. Amma hanyar garin ba a binta da shela. Akwai masu kai wa 'yan bindiga rahoto, da sun ji uwar 'yan birni za ta fito, shi ke nan. Dole a tsayar da rana da mota ba wanda ya ji.

Lurwanu masanin kwamfuta ne. Ya aika mata da waya mai manhajar da ke kulle saƙo, ko an tare shi a hanya ba mai iya buɗewa. Sai dai ya sa mata lambar sirri mai tsawon igiyar guga. Inna da ba ta yi boko ba ta gwada sau biyu, ta jefa wayar cikin kwalla, ta ce, "Wannan ai azaba ce."

Sagir, mai bi masa, gyaran waya yake yi. Aka kawo masa wayar, ya cire doguwar lambar, ya mai da ita yadda Inna za ta ɗora yatsa ta danna wuri guda ta yi magana. Lurwanu ya yi ta faɗan an rage tsaro, amma saƙon Inna ya fara zuwa, har da labarin awakinta.

Barira, autarsu, ba ta san kan waya ba, uwarta ta sani. A saƙon farko ta jiyo daka da dariyar maƙwabta. Ashe a tsakar gida Inna ke kunna saƙo, ta amsa kamar mai kiran wani a gona! Barira ta aika mata da abin sawa a kunne, ta ce, "Inna, maganar tafiya a ɗaka, ki yi ƙasa da murya kamar za ki yi gulma."

Ranar suna sai ga Inna lafiya lau. Aka rangaɗa guɗa, ta rungume jikanta tana kukan murna. Ta ciro zoben azurfar marigayi mijinta, guda ɗaya tak, ta ce na wanda ya kawo ta ne.

To, wa za ta sa wa zoben nan a cikinsu?