Ranar da Nomau Ya Ƙi Ɗaura Sirdi

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da fatake ke zuwa Gwanja a ƙasa, sunansa Nomau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Bawan Allah ne mai kiwon dokin wani madugu da ake kira Arzika. Yankan ciyawa, kwashe kashi, jiƙa dusa da kanwa, aikinsa ke nan.

Dokin nan akawal ne, baƙi wuluk, ana ce masa Barsu-baya. Shekara shida ana sukuwar kaka a filin bayan gari, shekara shida sauran dawaki sai dai su hangi wutsiyarsa. Madugu ya sha kirari, mahayi ya sha riguna. Nomau fa? Ana can ana guɗa, shi yana nan yana share wa doki gumi, kuma hakan bai taɓa damunsa ba.

Yana da wata al'ada. Kullum da safe, kafin ya shayar da doki, sai ya durƙusa ya bi ƙafafun nan huɗu da tafin hannu, daga gwiwa har kofato.

A shekara ta bakwai baƙi suka zo da wani farin doki kili, suna ta cika baki. Gari ya ɗauki zafi. Safiyar sukuwa Nomau ya durƙusa yadda ya saba, sai ya ji ɗumi a jijiyar ƙafar gaba ta hagu.

To, ku saurara da kyau. Doki ba ya ɗingishi. Ba kumburi. Yana ta cin harawarsa. In Nomau ya yi shiru, wa zai sani in ba Allah ba? Doki mai zuciya irin wannan zai yi gudu ko da ciwo, wataƙila ma ya ci sukuwar. Amma in jijiyar ta tsinke a guje, shi da tashi har abada.

Ya sami Madugu a zaure, ya gaishe shi, ya ce, "Maigida, yau dokin nan ba zai yi gudu ba. Ƙafarsa da zafi."

Madugu ya taso ya shafa. Hannun da ya saba da goro me zai ji? Ya ce, "Ni ban ji komai ba. Je ka ɗaura sirdi."

"Ranka ya daɗe, dokinka ne. Amma ba da hannuna ba."

"Kai Nomau, baƙin nan sun saye ka ne?"

Maganar ta soke shi har zuci, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Allah Ya sani."

Madugu ya sa wasu su ɗaura. Ina, Barsu-baya bai san hannun kowa a bakinsa ba sai na Nomau. Duk wanda ya nufo shi da linzami sai ya miƙe ya kai masa sara. Suna ta fama har aka saki dawaki, kilin baƙi ya lashe. Ranar Madugu ya kori Nomau a gaban jama'a, gari kuwa ya sa masa suna maci amana.

Kun san abin da ya yi? Bai bi majalisa majalisa yana wanke kansa ba. Gari na wayewa sai ya ɗauki laujensa ya nufi fadama, ya yanko ciyawar harƙiya ɗanya, ya ajiye a ƙofar barga, ya wuce. Ya ce ai doki bai kore shi ba.

Kwana uku, ƙafar nan ta kumbura kamar taɓarya. Madugu ya tsaya yana kallo, kunya ta rufe shi. Da ƙafarsa ya taka har fadama, babban mutum guda, ya tarar da Nomau a sunkuye cikin ciyawa. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, Nomau ya riga shi.

"Maigida, ta kumbura ko? Kuna dai zuba mata ruwan sanyi?"

Sai Madugu ya sunkuya ya ɗauki damin ciyawar ya aza a kansa, suka ratsa kasuwa a haka, kowa na gani.

Wata huɗu Nomau yana jinyar ƙafar. Doki ya warke, ya sake cin sukuwa har sau biyu, ya bar 'ya'ya da jikoki a ƙasar.

Jama'a, wannan ita ce amana: ka faɗi abin da ka sani a ranar da ba a son ji, ko da zai raba ka da abincinka. Kai direba, ka ji birki ya yi laushi. Kai magini, ka ga tsaga a bango. Ke ungozoma, kin ga abin da ya fi ƙarfinki. Ba wanda ya lura sai ku. Za a ji haushi, za a kira ku da sunan da ba naku ba, amma Allah ba Ya barin mai gaskiya cikin kunya, ko an jima. Gobe da safe kowa zai koma bakin aikinsa. Abin da hannunka ya ji, ka faɗa. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.