Yarima Kar-a-taɓa da Koriyar Motar Umma

Akwai wani ɗan sarki da ma'aikatan gidansu suke kira Kar-a-taɓa, amma fa a bayan idonsa. Da mahaifinsu ya rasu, yayansa ya gaji sarauta, shi kuma ya gaji motoci.

Ana ajiye su ne a wani dogon gini a bayan fada, wanda in ka tsaya a ƙofarsa ba ka hango ƙarshensa. Motoci ne jere a ƙarƙashin fararen mayafai, kamar baƙin da barci ya kwashe. Akwai mai kalar zuma, akwai mai kalar sama bayan ruwa ya ɗauke, akwai wadda ƙofofinta suke ɗagawa kamar fukafukai. Wasu ma guda ɗaya tak aka ƙera a duniya.

A zamanin marigayi doka ɗaya ce a ginin nan: kowace mota sai ta ga rana. Kullum tsohon direbansa, wanda ake ce wa Sannu-Sannu don ko mai keke yana wuce shi, zai fito da wadda layi ya zo kanta ya zaga gari. Duk wanda ya tarar a hanya sai ya rage masa: mai jegon da aka sallamo daga asibiti, tsohuwa da kayan cefane, malamin makarantar da ya makara.

Yarima na karɓar makullai ya soke dokar.

"Waɗannan ba motoci ba ne," in ji shi, yana magana ta hanci kamar mai mura. "Taariihi ne. Tarihi kuwa ba ya ɗaukar fasinja."

Daga ranar aka rufe ƙofofi. Shi kaɗai yake shiga, kuma sai ya cire takalmi, ya bi tsakanin layuka da safa, hannuwa a baya. Yakan ɗaga gefen mayafi ya ga fuskarsa a cikin fenti, ya lumshe ido yana mafarkin wasu tituna masu santsi, ba ƙura, ba rami, ba mutane.

Mota ɗaya ce take ɓata masa rai: wata tsohuwar koriya. Ƙofarta da ƙarzuwa, kujerar baya ta taɓa yagewa an ɗinke da zaren da bai dace ba, cikinta kuma warin jama'a. Ya sa aka nemo masa irinta sak daga ƙasar waje, sabuwa dal, ba a taɓa hawa ba. Sannan ya kira Sannu-Sannu ya miƙa masa makullin tsohuwar da yatsu biyu.

"Baba, kai da ita kun tsufa tare. Ku tafi tare."

"Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe," in ji tsohon. Ya shafa goshin motar ya ce, "Taso, 'yar gari, an sallame mu."

Shekaru suka shuɗe. Mahaifiyar Yarima, wadda kowa yake kira Umma, ta fara mantuwa irin ta tsufa. Ta manta sunayen jikoki, ta manta mijinta ya rasu, daga baya ta manta fuskar ɗanta. In ya durƙusa gaishe ta sai ta ce:

"Sannu da aiki, mai gadin motoci. Ba ka ga autana ba? Wani ɗan fitinanne ne, mai yawo ba takalmi."

Abu ɗaya ne bai ɓace mata ba. Kullum da yamma za ta yafa mayafinta ta zauna bakin taga ta ce, "A fito da koriyar, maigidan yana jira." Yarima ya ce gobe. Gobe ta zo, ya sake cewa gobe.

Rannan likitarta ta tare shi a baranda.

"Ranka ya daɗe, abin da take tunawa kaɗan ya rage, kuma kullum raguwa yake. In kana so ta sake kiran ka ɗanta, gwada motar nan yanzu. Ba na tsammanin damar za ta daɗe."

Da yammar ranar aka turo Umma a kujerarta mai taya zuwa dogon ginin. Yarima da kansa ya yaye mayafin sabuwar koriyar, tana ta sheƙi. Umma ta leƙa ciki, ta ja numfashi, ta yatsina fuska.

"Wannan ƙanshin kanti take yi. Ina tawa?"

"Ita ce, Umma. Bari ki ji muryarta."

Ya murɗa makulli. Ƙyas. Ya sake. Ƙyas. Sai a lokacin ya lura tayoyin sun lotsa don zama wuri ɗaya, kuma ɓeraye sun yi gida a cikin injin. Ya gwada mai kalar zuma, ta yi tari sau ɗaya kamar tsohon da ya ƙware, ta yi shiru. Mai fukafukai ko ƙofa ta ƙi ɗagawa.

"Mai gadi," in ji Umma a hankali, "in ka sayar da ita ne, faɗa min. Ba zan gaya wa maigidan ba."

Yarima ya juya. Ya fita ta ƙofar baya, ya nufi cikin gari a ƙafa yana tambaya. Ba wanda bai san koriyar ba. A bakin kasuwa ya same ta, Sannu-Sannu yana taimaka wa wata mai tumatir ta shigar da kwandonta. Ashe tsohon bai taɓa daina zagayen ba, 'ya'yansa suna zuba masa fetur suna ta mita.

Yarima ya buɗe baki, maganar hancin nan ta ƙi fitowa.

"Baba... Umma ce."

Tsohon bai tambayi komai ba, bai kuma tuna masa komai ba.

"Shiga mu je. Sai dai fa a matsa, gidan baiwar Allahn nan yana gaba da fada, ba zan sauke ta a hanya ba."

"Matso, ɗan nan," in ji mai tumatir, wadda ba ta san ko shi wane ne ba. "Ba na cizo."

Aka ɗauko Umma, aka zaunar da ita a baya, Yarima a matse a tsakiya da kwando a kan cinya. Motar ta kama hanya a tafiyarta ta sannu. Hasken yamma yana ratsowa ta cikin bishiyoyi yana wucewa ta kan fuskokinsu, masu shaguna suna ɗago hannu, iska tana wasa da bakin mayafin Umma. Hannunta ya yi ta lalube a kan kujera har ya faɗa kan ɗinkin nan. Sai ta yi dariya.

"Wani ɗan ƙwal ne ya yaga nan da ƙusa, wai yana neman inda ƙarar mota take fitowa. Na ɗauko bulala, ubansa ya ce in ajiye, a ɗinke kawai, ai don mutane aka yi mota."

Ta juyo ta daɗe tana kallon mutumin da ke gefenta.

"Auta? Kai ne ka yi furfura haka?" Ta sunkuya ta dubi ƙafafunsa, ga safa ta yi buɗu-buɗu da ƙasa. Ta ɗan make masa hannu. "Ina takalmanka kuma?"

"Ka yi kukanka can gefe," in ji mai tumatir, ita ma tana share ido. "Kar ka jiƙa min kaya."

Washegari aka buɗe ƙofofin dogon ginin, aka kira kanikawa. Wasu motocin sun farka, da yawa ba su sake tashi ba. Umma kuwa, in suna gida, mai gadi take ce masa har ƙarshen rayuwarta. A cikin koriyar ne kaɗai take gane shi. Don haka kullum da yamma za ka gan shi a bakin ƙofa tun kafin Sannu-Sannu ya iso, yana jiran a matsa masa.

Darasi: Ni'imar da ka rufe don kada mutane su taɓa, lalacewa take yi a hannunka, wadda ta yi wa mutane hidima kuwa ita za ta tsaya maka ranar buƙata. Kada ka wulaƙanta tsohon abu ko tsohon mutum, kuma kada ka riƙa ce wa iyayenka gobe. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda kuka san har yanzu bai ɓare ledar kujerun motarsa ba.